Ranar da Na Juya Fuskata Bango

Shekarun baya, tun ana kashe fam da sule, muna zaune a unguwar Hausawa ta Inugu, na yi wani abu da matan unguwa suka yi wata guda suna yaba mini, ni kuwa har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina. Jikata ce take rubuta muku wannan a wayarta, ina faɗa tana dannawa. Na gaya mata in ta kuskura ta ƙara mini gishiri, ba ni ba ita.

Daga wani ƙauye kusa da Kano aka kawo ni a jirgin ƙasa. Maigidana dillalin shanu ne, yau yana Inugu, gobe yana Fatakwal, jibi Anacha. Mahaifiyarsa tana tare da mu, ƙofar ɗakinta na kallon tawa. Da yake a tsakiyar wasu mutane muke, al'adarmu da hannu biyu muka riƙe ta. Abin da mutanen gida suka fara sassautawa, mu a can ƙara ɗaure shi muke yi, kada a ce Kudu ta cinye mu.

Ku yaran yanzu da kuke ɗaga 'ya'yanku kuna ɗaukar hoto kuna cewa "ɗana, ɗana", ba ku san kunyar ɗan fari ba. A zamaninmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta ma yarda a kama ta tana kallonsa. In an ce ɗanki ya yi kyau, sai ki kau da kai ki ce ina kyan yake. A gaban suruka kuwa abin ninki biyu ne. To, a wannan fanni ni ce zakara. In amarya ta haihu a unguwar, da ni ake yi mata misali. Ina jin daɗin abin kuwa, ba zan ɓoye muku ba. Har wata tafiya nake yi ta daban.

'Yata ta fari tana shekara uku sanƙarau ya kama ta. Allah ya tashi kafaɗunta, amma kunne ya tafi. 'Yan kalmomin da ta fara iyawa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama sai ihu da nuni. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, yaro mai ji ko kin kau da kai yana jin muryarki, ya san kina nan. Ita kuwa ba ta da komai sai fuska. Fuskar mutum take karantawa ta san ko ana son ta ko ana korar ta. Ni kuma al'ada ta ce in ɗauke tawa. In mun shiga ɗaki mu biyu, na saki labule, nan kam nakan rungume ta in yi mata kitso in yi ta surutu ita tana kallon bakina. Da mun fito tsakar gida sai in zama wata mata daban. Ban san yadda ta fassara wannan a ranta ba.

Tana shekara shida wata mata 'yar ƙabilar Ibo ta fara zuwa sayen dakuwa a wurina. A Zariya aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Rannan ta tarar da yarinyar tana zane a ƙasa da tsinke, ta tsuguna ta daɗe tana kallo, sannan ta tafa hannu a bayan kanta. Yarinyar ba ta waiwaya ba.

"Uwargida, wannan 'yarki ce?"

"Ta gidan nan ce," na ce.

Ta yi dariya. "Na gane, ta fari ce. To, ni malama ce. Ina da aji na yara irinta. Ku ba ni ita."

Ajin wani ɗan ɗaki ne a bayan wata makarantar firamare, da can ajiyar karyayyun benci ake yi a ciki. Albashin malamar da alli da takardu duk gwamnati ce take bayarwa. Surukata ta ce a'a, kurma me za ta yi da boko, masu kunne ma me suka tsinana. Maigidana ya je wurin limamin unguwa. Liman ya kira malamar ya yi mata tambayoyi a zaure, ta yi alkawarin ba ruwanta da addinin kowa, shi kuma ya ce ilimi ba ya hana sallah. Haka aka ɗinka wa yarinyar riga shuɗiya.

Wallahi cikin shekara guda yarinyar nan ta zama mutum. Malamar da madubi take koya musu, da kyandir, da gashin kaza. Ta sa su hura, ta ɗora hannunsu a maƙogwaronta su ji yadda murya take rawa. Yarinyar ta dawo gida ta ja ni ɗaki, ta ɗora ɗan hannunta a wuyana, ta yi mini alamar in yi magana. In na ce ruwa, ita ma ta murɗa baki ta ce wani abu mai kama da ruwa. Ta iya rubuta sunanta da na babanta. Ta iya rubuta nama, da gida, da saniya. In babanta ya dawo daga tafiya ta rubuta masa abin da take so a allonta na makaranta, shi kuma ya fita waje a karanta masa, ya dawo yana ta tari don kada a ga murnarsa. Ihun nan da birgima a ƙasa duk suka ragu, tunda yanzu tana da hanyar faɗin abin da ke damunta.

Ana cikin shekara ta biyu, bayan an yi bikin samun 'yancin kai ba da daɗewa ba, malamar ta shigo gidanmu da la'asar ba ta tambayi dakuwa ba. Ta zauna a bakin tabarma ta ce gwamnati ta ce kuɗi sun yi ƙaranci, an rage na ilimi, kuma da irin ajinta aka fara. Akwai irinsa a Anacha, akwai a Fatakwal, duk za a rufe. Aji ɗaya tak za a bari, a wata unguwa a nan Inugu, a haɗa yaran garuruwan uku a zaɓi kaɗan. Daga nata ajin yara uku za a ɗauka. Ranar Talata wani jami'i zai zo daga ofishin ilimi ya ga yaran, ya ga iyayensu.

"Ba yaran kawai zai duba ba," ta ce. "Zai duba wane gida ne zai riƙe abin da gaske. 'Yarki ta fi kowa a ajina, amma sai an ji daga bakinku."

Maigidana ya ce yana da taragon shanu da zai bi zuwa Fatakwal ran Litinin, ba yadda zai yi. Ya ba ni izini in je, Inna ta raka ni. Inna ita ce mahaifiyarsa. Da malamar za ta fita, ta ja ni gefe a bakin zaure ta riƙe hannuna.

"Uwargida, na san al'adarku, a cikinta na girma. Amma mutumin nan bai san ta ba. Don Allah ki ajiye ta a gida ran Talata. Awa ɗaya kawai. In kin dawo ki ɗauki abarki."

Na ce to. Har na ce mata kada ta damu. Kwana uku ina haddace abin da zan faɗa, ina tuƙa tuwo ina maimaitawa, kamar mai shirin zuwa gaban alƙali.

Ran Talata da safe an yi ruwa, jar lakar garin nan ta kama mana ƙafa. Na fito na tarar ba Inna kaɗai ba ce. Wasu manyan mata biyu na unguwa sun sha lulluɓi sun ce za su raka mu, don ba a barin matar aure ta shiga cikin Kudawa ita da tsohuwa kawai. Ban so ba, amma wa zai ce wa manya su koma?

Ɗakin ya cika. Iyaye suna jikin bango, yaran suna kan benci. Jami'in wani siririn mutum ne, ba mugu ba ne, daga ganinsa ya gaji, takalminsa ma duk laka. Ya riƙa kiran yaran ɗaya-ɗaya. Sai ga matan Ibo, jama'a! Ana kiran ɗan mace sai ta miƙe ta gyara ɗaurin zani, ta kama hannun ɗanta ta ɗaga sama, ta yi ta zuba. Wata ta yi kuka, wata ta durƙusa, wata ta buga teburin jami'in har biro ya faɗi. Yaron wata ko harafi ɗaya bai rubuta daidai ba, amma yadda uwarsa take yabonsa sai ka rantse gobe za a naɗa shi gwamna. Matan da suka rako ni suna ta taɓe baki suna zungurin juna. Ɗayar ta raɗa mini, "Kin ga rashin ta ido."

Aka zo kan tawa. Ta fita gaban allo da rigarta shuɗiya, kitson da na yi mata jiya yana ƙyalli. Malamar ta ɗaga kofi, ta rubuta. Ta ɗaga littafi, ta rubuta. Jami'in da kansa ya tsuguna ya faɗi wata kalma a hankali, ta kalli bakinsa ta je ta taɓa ƙofa. Ya yi murmushi, karo na farko tun da ya shigo. Ya sa ta ƙirga, ta ƙirga da murya, muryar nan tata mai kauri da ba ta san tana da ita ba. Na dunƙule gefen mayafina a hannu don kada in tafa.

Ya miƙe ya yi tambaya, malamar tana fassarawa. "Ina mahaifiyar wannan yarinya?"

Inna ta ce, "Jikata ce."

"Na ji, Mama. Uwarta fa?"

Malamar ta nuna ni. Idon ɗakin gaba ɗaya ya dawo kaina. Na ji na Inna a gefen damata, na ji na matan nan biyu a hagu. Duk abin da na haddace a bakin murhu ya gudu.

"Kin ga canji a wurinta tun da ta fara zuwa nan?"

Bakina ya buɗe da kansa, ya faɗi abin da aka koya masa tun ina yarinya. "Wane canji? Shirme ne kawai. Ba ta iya komai ba."

Malamar ta tsaya, ba ta fassara ba. Ta dube ni, ta ce a hankali, "Uwargida, sake faɗa." Jami'in ya ce mata ta gaya masa abin da na ce, daidai yadda na faɗa. Ta gaya masa. Ya ɗaga gira.

"Kina so ta ci gaba?"

Na ja mayafi na rufe rabin fuskata, na juya na kalli bango. "Ni ban sani ba. A tambayi kakarta."

Wata mata daga baya ta ɗaga murya da Turancin kasuwa, "Madam, talk na! Na your pikin!" Wato in yi magana mana, ai ɗiyata ce. Na ji ta sarai. Ban juyo ba. Inna kuwa, da ma can ba ta son abin, ta gyara zama ta ce duk abin da hukuma ta gani daidai ne, gida ma akwai aikin yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Yarinyar ba ta jin komai, amma ta ga kowa yana kallona, ta ga na juya baya. Sai ta baro gaban allo, allin na hannunta, ta zagayo ta shiga tsakanina da bango, ta ɗaga kai tana neman bakina ta ga me nake cewa. Na sa gwiwar hannu na ture ta. A hankali na ture ta, ba da ƙarfi ba, amma jami'in ya gani.

Malamar ta yi iya ƙoƙarinta. Ta yi masa bayanin ɗan fari, ta yi da Turanci, ta yi da Ibo. Ya saurare ta har ƙarshe. Sannan ya ce ya yarda akwai irin wannan al'ada, amma gurbi uku gare shi, ga mata nan suna kuka a kansu. Sabuwar makarantar tana da nisa, sai gidan da zai tashi tsaye kullum. Ba zai hana mai roƙo ya ba wadda ta ce ba ta sani ba. Ya rubuta abin da zai rubuta, ya kira na gaba.

A hanyar gida matan nan kamar su goya ni. "Kai, yau kin fitar da mu kunya! Kin nuna musu mu 'ya'yan mutane ne." Kafin azahar labari ya gama unguwa. Mata suna shigowa suna cewa ashe har yanzu akwai sauran masu tarbiyya. Inna ranar da hannunta ta zuba mini nama a miya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ni kuma, don ku san irin wautata, akwai wani ɓangare na zuciyata da ya ji daɗi. Na ce wa kaina ai mutumin ya ga ƙoƙarinta da idonsa, zai ɗauke ta.

Bai ɗauke ta ba. Da maigidana ya dawo ya sa babbar riga ya je ofishin, aka ce an riga an rufe suna. Ya dawo ya zauna a bakin gado ya ce, "Ke, me ya hana ki magana?" Na ce, "Malam, da kai ne a gaban Inna, za ka iya?" Daga baya ya ce shanun nan da ya so, da yaron aikinsa ma ya bi su. Ashe shi ma gudu ya yi.

Malamar ta zo sallama, za ta koma Anacha ta zauna a shagon atamfa na yayanta. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Ta bar wa yarinyar madubin da kwalin alli, ta ce in riƙa sa ta rubutu. Ni da ban san ko alif na boko ba, me zan duba? Yarinyar ta yi makonni tana tashi da sassafe, ta sa shuɗiyar rigarta, ta je ta tsaya a zaure. Ba wanda ya iya yi mata bayani. Allin ya ƙare, rigar ta yi mata kaɗan, kalmomin bakinta suka sake zubewa kamar yadda suka yi da fari. Bayan 'yan shekaru ƙasa ta rikice, muka tattara muka dawo Arewa.

Ba zan ce rayuwarta ta lalace ba, kada in yi wa Allah butulci. Ta iya ɗinkin hula da ba wanda ya kai ta a layinmu, ta yi aure, ta haifi huɗu, ciki har da wannan mai danna waya. Muna magana da hannu irin tamu ta gida, wadda in ta fita ƙofar gida ba mai gane ta. Duk inda za ta, asibiti ko kasuwa, sai da ɗan rakiya mai yi mata baki.

Tana da shekara arba'in da wani abu muka shiga kasuwar Sabon Gari sayen zare. Wani mutum mai furfura ya sha gabanmu yana ta ɗaga hannu yana tsalle kamar yaro. Ta dube shi, ta dube shi, sai ta saki ƙara. Ɗan ajinsu ne, yaron nan da bai rubuta ko harafi ɗaya daidai ba. Ya zaro takarda da biro ya yi ta rubutu, layi bayan layi. Wani mai shago ya karanta mana: yana aiki a maɗaba'a, shi yake jera haruffan littattafai, yana da gida, yana tambaya ina ta shiga, ita da ta fi su duka. Ya miƙa mata biron. Ta karɓa, ta gyara riƙo yadda aka koya mata. Ta ja harafi ɗaya. Ta ja na biyu. Na ukun ya ƙi zuwa. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta mayar masa da bironsa tana murmushi, ta yi masa alamar ido ne ya fara ba ta matsala. Idonta kuwa ras yake, da shi take zura zare a allura.

Ban yafe wa waɗanda suka rage kuɗin nan ba, gaskiya. Da an bar wa kowane yaro bencinsa, da ba wanda zai tsayar da ni yana tambayata ko ina son 'yata. Har yanzu in na ji a rediyo an ce an rage kuɗin makaranta, na san daga wurin su wa za a fara, daga yaran da ba za su iya zuwa su yi ƙorafi da bakinsu ba. Amma ba zan ɗora musu duka ba. An ba ni dama ta magana, minti ɗaya, na zaɓi yabon mata uku. Dukansu sun daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansu, kuma ba wadda ta taɓa tambayata yaya yarinyar ta ƙare. Kunya abu ne mai kyau, ban ce ku yar da ita ba. Amma in aka tambaye ki ɗanki a wurin da amsarki za ta yanke masa hanya, ki buɗe baki ko duniya za ta zage ki.

Ranar da muka dawo daga kasuwar nan, muna zaune a tsakar gida tana warware zaren, surukaina da jikoki duk suna nan. Na tashi na je gabanta na tsuguna, na kama fuskarta na juyo da ita, na faɗa da ƙarfi kowa yana ji, a hankali don ta karanta: "Ke 'yata ce. Kin fi kowa a ajin. Ina so ki ci gaba."

Ta gane. Nan take ta gane ranar da nake nufi, ban yi mata wani bayani ba. Ta dafa ƙirjinta ta gyaɗa kai, wato ita ta sani, tun can ta sani. Sannan ta yi alamar mutum yana rubutu a takarda, ta girgiza kai. Jami'in ne bai sani ba.

Ta miƙo mini bakin zaren in riƙe mata, na riƙe.